Kunne ɗaya ya daina ji bayan tiyata: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin waɗanda aka yi wa aiki a kunne ko a cikin kai, suka farfaɗo suka tarar ɓangare ɗaya ya yi tsit. Ni ma da kunnen dama kaɗai nake ji, tun bayan aikin da aka yi mini a na hagu, kuma yawancinsu na yi su da bakina kafin in ji wasu suna yi a bencin jiran likita. Amsoshin ba su maye gurbin likitan da ya yi maka aikin ba, don shi ya ga abin da ke ciki.

Me ya sa tiyata take tafiya da jin kunne?

Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi dodon kunne, ya bi ta kan wasu 'yan ƙasusuwa guda uku, waɗanda babu ƙananan da suka kai su a jikin ɗan Adam, ya faɗa kunnen ciki, wanda ke naɗe kamar katantanwa. Daga nan jijiyar ji ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Duk inda wannan hanya ta yanke, ji ya tsaya.

A wajenmu abin da ya fi kai mutane ga wuƙar likita shi ne kunnen da ya shekara da shekaru yana zubar da ruwa. Wani lokaci fata ce ke taruwa a bayan dodon kunne tana cin ƙashi sannu a hankali, kuma idan aka bar ta tana iya kaiwa ga jijiyar fuska ko ma ƙwaƙwalwa. Likita zai kwashe ta duka, har da ƙasusuwan da ta riga ta cinye. Sai kuma ƙari da ke fitowa a kan jijiyar ji da daidaiton jiki. Ba ciwon daji ba ne, amma idan ya girma yana danne ƙwaƙwalwa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin cire shi ta tsakiyar kunnen ciki take bi, ke nan da sani aka sadaukar da jin domin a ceci abin da ya fi shi. Akwai kuma tsautsayi, wanda kan faru jefi-jefi a aikin da aka yi domin gyara jin ma.

Jin zai dawo ko shi ke nan?

Ya danganta da inda hanyar ta yanke. A makonnin farko kada ka yanke hukunci, domin kunnen cushe yake da auduga da magani, ga kumburi, ga jinin da ya daskare a ciki. Yawanci sai bayan mako 6 zuwa wata 3 ake yin gwajin ji na sosai, wanda ake sa maka abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, a kuma ɗora wani ɗan ƙarfe a ƙashin bayan kunnenka. Idan kana jin sauti ta ƙashi amma ba ka ji ta ramin kunne, matsalar a dodon kunne ko ƙasusuwan nan take, kuma akwai fata: ana iya sake aiki a sa ƙashin roba ko na ƙarfe, ko a ba ka na'urar ƙara ji.

Idan kuwa kunnen ciki ne ya lalace, ko an yanke jijiyar, jin ba ya dawowa. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a cikin katantanwar nan ba sa sake tsirowa a jikin mutum, kuma babu man ɗigawa, babu hayaƙi, babu jiƙo da zai tsiro da su. Na faɗi wannan ƙarara ne domin na ga yadda ake raba mutane da kuɗinsu. Ana yin gwajin a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, haka ma a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ka karɓi kwafin takardar sakamakon ka adana, za ka buƙace ta idan ka zo maganar na'ura, wadda ke can ƙasa.

Ɗaya kunnen nawa lafiyarsa ƙalau. To me ya sa a taro ba na gane magana?

Domin kunne biyu ba ƙarfin sauti kaɗai suke ninkawa ba. Ƙwaƙwalwa tana gwada abin da na dama ya kawo da abin da na hagu ya kawo, ta haka take tsamo muryar mutum ɗaya daga cikin surutun kasuwa. Da kunne ɗaya, muryar abokinka da ƙarar janareta da kukan yara duk sai su zo a dunƙule. Sannan kan mutum kansa katanga ne: sautin da ya fito daga ɓangaren da ya mutu sai ya kewaya kafin ya iso, kuma siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts" da "f" su ne suka fi ɓacewa a hanya. Shi ya sa kana jin ana magana amma ba ka bambance "sha" da "sa" ba.

Wannan ne kuma dalilin gajiyar da mutane da yawa ke kuka da ita. Bayan ɗaurin aure ko zaman makoki za ka dawo gida kamar wanda ya yini a gona, domin ƙwaƙwalwa ta yini tana cike giɓin kalmomi. Ba lalaci ba ne. Ka riƙa zamewa wuri shiru na 'yan mintuna a tsakiyar taro, ka kuma duba amsar da ke kan wurin zama.

Wayata na ringin amma ban san inda take ba. Haka zan dawwama?

Sanin inda sauti ya fito aikin kunne biyu ne. Sautin da ya zo daga dama yakan riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma da wannan 'yar tazara ƙwaƙwalwa ke gane ɓangaren. Idan kunne ɗaya ya tafi, komai sai ya zama kamar daga ɓangaren mai ji yake zuwa. Da tafiyar lokaci mutum kan koyi juya kai yana lalube, ido ma ya ƙara kaifi, amma ba ya komawa yadda yake a da.

A gida wannan ɓacin rai ne kawai. A titi kuwa maganar rai ce. Hon ɗin ɗan acaɓa ko adaidaita sahu za ka ji shi, amma ba ka san ko daga gaba yake ko daga baya ba, kuma da yawa daga cikinsu ba sa bin hannu. Kafin ka tsallaka ka tsaya cak, ka duba kowane ɓangare sau biyu, ko da titin mai hannu ɗaya ne. Idan kana tafiya a gefen hanya ka bi gefen hagu, inda motocin da ke kusa da kai ke zuwa ta gabanka. Kada ka toshe kunnen mai ji da waya kana tafiya. Mai tuƙi kuma ya gyara madubansa uku ya saba da kallonsu fiye da da.

Kunnen ya mutu, amma ƙugi yake yi dare da rana. Ta yaya?

Ƙugin ba daga waje yake ba, kuma galibi ba daga kunnen ba ne ma. Ƙwaƙwalwa ce ta daina samun saƙo daga wannan ɓangare sai ta ƙirƙiro nata, wani kamar kukan gyare, wani kamar rediyon da bai kama tasha ba. Yana tsananta da dare domin gari ya yi shiru, haka idan akwai damuwa ko rashin barci. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe shi, amma yawancin mutane bayan wasu watanni sukan daina lura da shi, kamar wanda gidansa ke bakin titi. Fanka, ko karatu ƙasa-ƙasa a rediyo, suna rage shi lokacin kwanciya. Amma idan ƙugin yana bugawa daidai da bugun zuciyarka, ko ya koma kunnen mai ji, ka je asibiti.

Jirin nan yaushe zai bar ni?

Kunnen ciki ba ji kaɗai yake yi ba, shi ne kuma ma'aunin da ke gaya wa jiki ko a miƙe yake. Idan aka taɓa na ɓangare ɗaya, kwanakin farko ɗaki kan yi ta juyawa, har da amai. Ƙwaƙwalwa tana koyon dogara da ɗaya kunnen da idanu da tafin ƙafa, kuma wannan yakan ɗauki makonni, ga dattawa har watanni. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne motsi ne ke koya mata, ba kwanciya ba. 'Yan uwa don tausayi sukan hana majinyaci tashi, wannan kuwa tsawaita jirin yake yi. Haka yawan shan maganin jiri bayan kwanakin farko.

Da izinin likita, ka fara tafiya a tsakar gida wani na kusa da kai. Ka kafa ido a kan wani abu a bango kana juya kai dama da hagu a hankali, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Masu gashin ƙashi a asibiti suna koyar da irin wannan atisaye. Duhu ne babban abokin gaba, tunda a nan ido ba ya taimako, don haka tocila ta kasance kusa da shimfiɗarka saboda fita asuba ko ɗaukewar wuta. Hawa tsani, leƙa rijiya da tuƙa babur su jira tukuna.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

Ruwa garai-garai da ke ɗiga daga hanci ko kunne ko wurin ɗinki, musamman idan ka sunkuya, domin yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi tare da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya. Karkacewar baki ko idon da ya ƙi rufuwa, wanda ba ka da shi a lokacin sallama. Jirin da ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa. Kumburi da mugunya mai wari a wurin aikin. Sai wadda ta fi muhimmanci ga irinmu: raguwar ji kwatsam a kunnen da ya rage. Wannan gaggawa ce ta ranar, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako 2 kuwa amfaninsa ya ragu ƙwarai. Kada wani ya ce maka datti ne ko mura ce ba tare da an leƙa an gwada ba.

Yaya zan yi da alwala, wanka da sujada?

Ruwa ba ya shiga kunnen da aka yi wa aiki sai likita ya ce ya warke. Lokacin wanka ka shafa wa auduga man basilin ka toshe bakin ramin, ka cire bayan ka gama. Shafar kunne a alwala sunna ce, kuma shafa ce ba zuba ruwa ba, idan akwai bandeji a kansa ake shafawa. Inda aka fi yin kuskure shi ne shaƙa ruwa da fyacewa: fyace hanci da ƙarfi yana tura iska cikin kunnen tsakiya, yana iya ɗaga sabon dodon kunnen da aka liƙa. Ka yi a hankali, atishawa kuma ka sake ta baki buɗe. Idan likita ya hana sunkuyawa na wasu makonni, sallah a zaune da nuni ta halatta ga marar lafiya. Mai ɗiga magani a watan azumi ya tambayi likita ko za a iya mayar da lokutan tsakanin buɗa-baki da sahur, domin a mazhabar Malikiyya ruwan da ya bi ta kunne ya kai maƙogwaro yana karya azumi.

Mutane sun fara cewa na yi girman kai, ba na amsa gaisuwa. In gaya musu ne?

Ka gaya musu. Wannan ita ce amsar da na fi so a ɗauka a duk shafin nan. A wurinmu gaisuwa ba ƙaramin abu ba ce. Dattijo ya yi maka sallama daga ɓangaren da ya mutu ka wuce, kai ba ka san an yi ba, shi kuwa ya riƙe. Matar aure surukarta ta kira ta daga madafa sau uku ba ta amsa ba, kafin yamma magana ta zama wata. Larurar ba a ganinta, kuma da yake jiya an yi maka raɗa a ɗaya kunnen ka ji, sai a ce ai abin da ka ga dama kake ji. Ni na ɓoye kusan shekara saboda gudun a kira ni kurma, ina ta gyaɗa kai ga maganar da ban ji ba, kuma abin da ɓoyewar ta jawo mini ya fi sunan ciwo.

Ba sai an yi dogon bayani ba. "Baba, a gafarce ni, wannan kunnen ba ya ji tun da aka yi mini aiki, bari in dawo ta nan." Ko: "Yaya, idan kin kira ni ban amsa ba ki taɓa ni, wallahi ba share ki na yi ba." Ka roƙi na gida su kira sunanka kafin su fara magana, su fuskance ka, su bar magana daga wani ɗaki. Ihu ba ya taimako, ɓata kalmomi yake yi. Akwai kuma abin da ya shafi kunyarmu: yara da ƙanne da amare sukan sunkuyar da kai su yi magana ƙasa-ƙasa don ladabi, kai kuwa laɓɓansu kake karantawa ko da ba ka sani ba. Ka ce musu su ɗago, ladabinsu ya isa. Za su manta, za ka sake faɗa, har su saba.

A ina ya kamata in zauna?

Ka ba bango kunnen da ya mutu, ka ba mutane mai ji. A majalisa ko kan tabarmar cin abinci ka zaɓi ƙarshe, kada ka shiga tsakiya, kuma ka nisanci janareta da lasifika. A masallaci, wanda kunnensa na hagu ya mutu ya tsaya a hagun sahu domin liman ya faɗo a damansa, mai matsalar dama kuma akasin haka. A mota, tunda direba a hagu yake a Najeriya da Nijar, mai matsalar hagu idan ya zauna gaba direban na ɓangaren da ba ya ji, gara ya zauna bayan direba. Direban da damansa ya mutu ya rufe gilashinsa idan yana son jin fasinja.

Kwanciya ma da dabararta. Idan ka danne kunnen mai ji da matashi, ba kiran sallah, ba ƙararrawar waya, ba bugun ƙofa. Wasu na jin daɗin haka a unguwa mai hayaniya, amma mai jego ta kwanta ta yadda kunnen mai ji zai kasance sama, jaririn kuma kusa da ita. Sa wayar a girgiza ƙarƙashin matashi yana tayar da mai nauyin barci.

Yaya zan kare kunnen da ya rage?

Ƙara ita ce ta farko. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma iyakar da masu kula da lafiyar ma'aikata suka sa ita ce desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Ba sai kana da na'urar awo ba: idan sai ka ɗaga murya mutumin da ke tazarar hannu zai ji ka, wurin ya yi ƙara. Injin niƙa da na markaɗe, injin yankan katako, wurin maƙera da masu walda, gaban lasifikar biki, duk sun shiga. Idan sana'arka ce, matoshin kunne na roba ba shi da tsada, kuma auduga ba ta maye gurbinsa.

Sai magunguna. Allurar jantamaisin da sitiraftomaisin da amikasin, da kwinin na zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan ciwon daji, suna iya taɓa kunnen ciki. Ba cewa aka yi a guje su ko ta halin ƙaƙa ba, wani lokaci su ne ke ceton rai. Amma duk wanda zai rubuta maka magani, ko mai kemis ne, ka fara da cewa kunne ɗaya gare ka. Sanƙarau, ƙyanda da hangum suna kurmantarwa, haka zazzaɓin Lassa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga shi kan samu matsalar ji. Idan ana rigakafin sanƙarau a garinku kada ya wuce ka. Tsinken ashana, gashin kaza, murfin biro da masu sakace kunne a kasuwa, ka yi sallama da su, haka ɗiga manja ko ruwan albasa. Gwajin ji sau ɗaya a shekara ya isa ya nuna ko wani abu ya fara canzawa.

Akwai na'urar da za ta taimaka?

Akwai, amma wadda ta dace da kai ta dogara da sakamakon gwajin da aka yi bayani a amsa ta biyu. Idan kunnen ciki na da rai, na'urar ƙara ji ta yau da kullum tana iya wadatarwa, sai dai kunnen da ke zubar da ruwa ba ya son a toshe shi. Idan ya mutu gaba ɗaya, ƙara masa sauti aikin banza ne, kada a sayar maka. Abin da ake yi shi ne a ɗauko sautin ɓangaren a kai wa kunnen mai ji. Na'urar da ake kira CROS guda biyu ce, ɗaya ta ɗauki sauti a mataccen kunne ta aika wa 'yar uwarta a ɗaya kunnen. Akwai kuma mai aika sauti ta ƙashin kai, wadda aka fara dasawa a Suwidin a 1977, ana iya gwada ta da maɗauri kafin a yarda da tiyata. Dukansu suna magance matsalar wanda ke magana ta ɓangaren da ya mutu, amma ba sa dawo da sanin inda sauti ya fito, kuma a cikin hayaniya wani lokaci ƙara surutu suke yi.

Wadda ke farfaɗo da kunnen kansa ita ce wadda ake dasawa cikin katantanwar kunne tana zaburar da jijiya da lantarki. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita ga masu kunne ɗaya. Sharaɗinta jijiyar ji ta kasance da rai, don haka galibi ba ta yi wa wanda aka yanke masa jijiya wajen cire ƙari. Tsadarta kuma ta fi ƙarfin yawancin gidaje, ga horon sauraro na watanni. Kowace za ka saya, ka nemi a ba ka ka gwada a gida da kasuwa, ka tambayi inda ake samun batir da gyara. Mutane da yawa sun gwada sun ajiye, sun zauna lafiya da dabarun zama kawai. A waya kuwa akwai saitin kyauta mai suna Mono audio, a Android da iPhone, wanda ke haɗa sautin ɓangare biyu ya zuba a kunne ɗaya.

Ɗana aka yi wa aikin. Me zan gaya wa malamansa?

Ka je da kanka, boko da islamiyya duka. Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1980 ya gano kusan ɗaya cikin uku na yara masu kunne ɗaya sun maimaita aji, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, kuma azuzuwanmu sun fi nasu cika da hayaniya. A zaunar da shi a layin gaba, kunnen mai ji na fuskantar malami, nesa da taga. Malami ya guji bayani yana fuskantar allo. A makarantar allo, inda kowa ke karatu da ƙarfi lokaci ɗaya, a riƙa biya masa a gefe. Ka roƙe su musamman kada a mare shi, domin mari ɗaya yana iya fasa dodon kunne, kuma yaron da bai amsa kira ba shi ne ya fi fuskantar mari.

Zan iya hawa jirgi, misali zuwa Hajji ko Umara?

Bayan an warke, ƙwarai. Abin da ake tsoro shi ne canjin matsin iska lokacin tashi da sauka, wanda ke iya taɓa sabon ɗinki a kunnen tsakiya, don haka likitoci kan ce a dakata na wasu makonni, kuma wanda ya yi aikin ne zai faɗi adadinsu. Ka gaya masa ranar tafiyar tun kafin a sa ranar tiyata. Lokacin sauka ka riƙa haɗiyar yawu ko tauna cingam, kuma idan mura ta kama ka gab da tafiya ka nemi maganin buɗe hanci. A cunkoson ɗawafi da jifa ba za ka san ta ina abokan tafiya ke kiranka ba, ga jiri na iya motsawa, don haka ku yi alƙawarin wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, wanda kuke tare kuma ya riƙa tafiya ta ɓangaren kunnenka mai ji.